Awon tela daban, awon ɗamarar laima daban

A Fabrairun 2023 na dawo Garwa ta Kamaru daga Beni Mellal, ƙasar Maroko, da shatin jini kwance a cinyoyina biyu. Kwana huɗu ina sallah a zaune saboda zaman tahiya ya gagare ni. Lokacin na yi dira 74 da laima daga jirgin sama, dukkansu da kayan haya. Na rubuta wannan ne don yara biyu, ɗaya daga Marwa ɗaya daga Kuseri, da suka tambaye ni yadda na yi odar nawa kayan, da duk wanda zai bi wannan hanya bayansu, don kada ya ɓata watanni kamar yadda na ɓata.

Abin da mai dira yake goyawa a baya kashi huɗu ne: babbar laima, laimar ko-ta-kwana, na'urar da ke buɗe ta ko-ta-kwana da kanta idan mutum ya suma ko ya makara, sai jaka da ɗamara da aka ɗinke wuri guda. Jakar ita ke riƙe laimomin biyu. Ɗamarar kuwa ita ke riƙe mutum: maɗauri biyu a cinya, ɗaya a ƙirji, da wasu dogaye biyu da suka sauko daga kafaɗa zuwa ƙugu. Kayan haya an yi su ne don kowa ya saka, gajere da dogo, siriri da mai jiki. Ni dogo ne, mita ɗaya da 88, siriri, ƙafafuna sun fi gangar jikina tsawo. Duk jakar da aka ba ni, kafaɗunta sun yi mini faɗi, tana yawo a bayana. Mutum yana faɗowa da gudun da ya kai kilomita 200 a awa, sai laima ta buɗe ta tsayar da shi cikin daƙiƙa uku ko huɗu, kuma duk wannan fizgar a cinya take sauka. Idan ɗamarar ta yi wa mutum tsawo sai ya zurma cikinta, maɗaurin ƙirji ya hau maƙogwaro, mariƙan gaggawa, waɗanda ake ja a rabu da babbar laima a buɗe ta ko-ta-kwana, su bar inda hannu ya saba samunsu. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsorata ni, ya fi ciwon cinyar. A dirata ta 71 na duba bayan buɗewa na ga jan mariƙin ya koma kusa da haɓata.

Da na sauka na nuna wa malaminmu, wani Bafaranshe da ke zuwa Beni Mellal kowane lokacin sanyi, kuma dillalin kayan ne. Na ce masa ina son a ɗinka mini tawa. Bai fara da maganar awo ba. Cewa ya yi in fara tsayar da girman laimar da zan riƙa tashi da ita, domin jaka ana yanka ta ne daidai cikin laimomin da za a cusa mata, kamar kube da wuƙa. Muka zauna da biro. Nauyina kilo 78, kaya kamar kilo 12, jimla 90, wato kusan fam 198 a ma'aunin Amurka da masu wannan harka ke aiki da shi. Ya ce in tsaya a laima mai faɗin murabba'in ƙafa 190, ta ko-ta-kwana kuma 193, yadda kowane murabba'in ƙafa zai ɗauki fam ɗaya da ɗan kai. Na so in nemi ƙaramar jaka, don na ga gwanaye da ƙananan jakunkuna manne a baya, gwanin sha'awa. Ya ce mini ƙaramar jaka ƙaramar laimar ko-ta-kwana take ɗauka, kuma ranar da zan buƙace ta ba ranar da nake cikin natsuwa ba ce. Ban sake tayar da zancen ba. Ya zaɓi jakar da za ta ɗauki 190 yanzu, ta kuma karɓi 170 nan gaba idan hannuna ya faɗa.

Masu ɗinka waɗannan kaya ba su da yawa a duniya. Akwai masu Vector da Mirage a garin DeLand na jihar Fulorida, akwai masu Javelin su ma a Amurka, akwai wasu a Faransa da Afirka ta Kudu. Kowane kamfani da takardar awonsa, kuma ba wuri ɗaya suke aunawa ba, saboda haka ba a ɗaukar awon wannan a cike takardar wancan. Ya kamata a ce malamin ya auna ni tun a can, ina tsaye a gabansa. Ranar tafiyata ta zo da gaggawa, motar Kasabalanka na jira, na ce masa ya turo mini takardar kawai, ai muna da teloli a gida. Wannan kalma ta ci mini wata biyu.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. Wajen goma ga wata na ɗauki takardar na tafi shagon dattijon da ke mana ɗinki tun zamanin mahaifina. Na same shi bayan la'asar, yaduddukan Sallah jibge har rufi, yara uku a kan keke. Na ce, "Baba, awo nake so, amma ba na riga ba." Ya ce, "To ɗana, kowane iri ne ai jiki ɗaya ne." Ya ɗauko tef ɗinsa ya auna ni a kan kaftanina, da hannun da ya shekara arba'in yana wannan aiki, ina karanta masa wuraren yana faɗin lamba. Minti biyar muka gama, ya ƙi karɓar ko sisi. Da daddare na tura.

Kwana shida sai ga amsa. Dillalin ya ce lambobin ba na mutumin da ya sani ba ne: ƙirji ya yi yawa, cinya ta yi yawa, tsawon gangar jiki kuma ya zarce da kusan santimita bakwai. Raina ya ɓaci, don na yarda da Baba. Na koma shagon da takardar, muka bi ta layi-layi, nan na gane abin da ya faru. Baba bai yi kuskure ba, aikinsa ya yi. Telanmu idan zai auna ƙirji yakan saka yatsu biyu ƙarƙashin tef ya bar wa mutum wurin shan iska, don a garin da zafi ke wuce maki 40 a Afrilu babu mai son riga ta kama shi. Tsawo kuma daga kan kafaɗa yake farawa. Takardar kamfanin tana so ne a fara daga ɗan ramin nan da ke ƙasan maƙogwaro, tsakanin ƙasusuwan wuya biyu, a gangaro a karkace zuwa saman ƙashin ƙugu, inda yatsa ke jin tudu idan an danna gefen ciki. Ba inda zariyar wando ke zama ba. Da an ɗinka da awon farko, da na biya kusan sefa miliyan biyu na sayi irin ɗamarar hayar da na gudu daga gare ta.

Muka sa ranar awo na biyu, wannan karon ta kiran bidiyo a WhatsApp, dillalin yana kallo, ƙanena yana riƙe da tef. Kafin mu fara ya sa na hau sikeli. Kilo 74. Ya tambayi ina huɗun suka tafi, na ce azumi. Ya ce a dakata. Cinya da ƙugu su ne suke fara raguwa kuma su suke fara dawowa, idan aka yanka matashin cinya a kan jikin azumi, zai gaza zagaye cinyar a watan Janairu, a bar tsurar igiya tana cin nama. Ya ƙara da abin da ban taɓa kawowa a rai ba: a tsayin mita 4,000 sanyi ya fi na ƙasa da kusan maki 26, kuma a Beni Mellal dusar ƙanƙara ce kwance a kan duwatsun Atlas lokacin da muke dira, ina saka riguna biyu ƙarƙashin rigar dira. Aka yi Sallah ranar 21 ga Afrilu, na jira har tsakiyar Mayu nauyina ya koma 77.

Ranar awon na tsaya ba takalmi, da gajeren wando da singileti, ƙafafu a ɗan ware, ina kallon gaba. Wannan na kallon gaba yana da muhimmanci, don da zarar mutum ya sunkuyar da kai ya ga lamba, gangar jiki ta lanƙwashe, awo ya canza. Ƙanena ya ɗiga alamar biro a ramin wuya da kan ƙashin ƙugu na dama da na hagu. Aka auna ƙirji, ƙugu, daga matsematsi zuwa ƙasa, da zagayen cinya, wanda shi ma ba a kwance ake yinsa ba: tef yana bi ta matsematsi ya hau a karkace zuwa ƙashin ƙugu, daidai hanyar da maɗaurin zai bi. Akwai wani awon da ke tashi daga kafaɗa ya ratsa tsakanin ƙafafu ya dawo ta baya inda ya fara. Ƙanena ya ji nauyi, ya ce, "Yaya, wannan kai za ka riƙe da kanka." Na ce masa idan na riƙe da kaina zan karkace, ya daure. Kowane wuri sau uku muka auna, muka rubuta da santimita, muka kuma rubuta a fili cewa santimita ne, domin wasu takardun da inci suke aiki, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Sannan aka ɗauki hotona ta gaba da ta gefe, don mai yanka ya ga faɗin kafaɗa da lanƙwasar baya. Awa ɗaya da rabi muka yi.

Sauran takardar zaɓe-zaɓe ne, kuma a nan kuɗi ke zurarewa. Na biya don a saka zoben ƙarfe a ƙugu, wanda ke barin ƙafa ta motsa ba tare da ta ja ɗamarar gaba ɗaya ba. Na biya don shimfiɗar baya mai raga-raga da ke barin iska ta ratsa, da maɗauran gefe da ake fitowa da su daga cikin bayan jakar, su ne ke manne ta a jikin siriri irina. Zoben ƙirji na bar shi. Ado da ɗinkin suna na bar su. Kala na ɗauki toka-toka da shuɗi, saboda na san ƙurar da ke jiranta, fari ba zai yi mako ba. Mariƙan gaggawa kuwa na bar su yadda na koya: jan matashi a dama na rabuwa da babbar laima, ƙarfe a hagu na buɗe ta ko-ta-kwana. Hannuna ya riga ya san su haka.

Jaka da ɗamara kaɗai, ba laima ko ɗaya a ciki, sun tsaya mini a Yuro 2,900, wato sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da 'yan kai, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Rabi ake bayarwa kafin a fara. Na je bankina da safe ina zaton aikin awa ɗaya ne. Aka ce in kawo takardar farashi ta wucin gadi mai hatimin mai sayarwa, da katin ɗan ƙasa, da lambar biyan haraji, da shaidar inda kuɗin suka fito, da wasiƙar bayanin abin da zan saya. Na kawo. Ma'aikaciyar ta karanta ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Alhaji, wannan ba kayan soja ba ne?" Ban ga laifinta ba. A garin da sansanin sojan sama yake, wanda ya ji laima soja zai fara tunawa. Na koma gida na kwafo lasisina na wasan dira da shafukan littafin da ake rubuta kowace dira, na haɗa. Kwana goma sha ɗaya kuɗin suka yi kafin su isa, kuma kamfani ba ya saka mutum a layi sai sun gani a asusunsu. Wanda zai yi wannan ya haɗa waɗannan takardu tun ranar farko, lasisin a sama.

An ce mini mako 16. Mako 23 aka yi. A tsakani ba abin da ake ji, sai dai mutum ya yi ta duba waya. Damina ta zo ta wuce, kogin Binuwai ya cika ya janye. A wannan jiran na sayi babbar laima ta hannu wadda dillalin ya duba mini, da sabuwar ta ko-ta-kwana, da na'urar Cypres ta Jamus, wadda ke yanke igiyar rufin laimar ko-ta-kwana idan mutum ya iso kusan mita 225 daga ƙasa yana gudun da ya wuce mita 35 a daƙiƙa. Na yi shawarar kada a aiko mini komai Garwa. Laimar ko-ta-kwana mai takardar izini ne kaɗai ke haɗa ta ya naɗe ta ya buga hatimi, kuma idan ɗamarar ta zo da matsala, gara ta bayyana a gaban wanda zai iya mayar da ita. Aka kai wa dillalin, shi ya haɗa, ya taho da ita Maroko.

A Janairun 2024 na hau mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, daga nan Duwala, sai Kasabalanka. Da dillalin ya ciro jakar daga leda na ji ƙirjina yana bugawa. Sabuwar jaka tauri gare ta kamar sabon takalmin fata. Na saka a kan rigunan da zan yi dira da su, na ɗaure, na tsaya. Ta zauna a kafaɗa ba ta zamewa, ƙasanta ya tsaya daidai inda hannun dama ke kaiwa ga ƙaramar laimar da ake jefawa don ta fizgo babbar. Na ce masa ta yi. Ya ce ba a tsaye ake sani ba. Ya rataye ni a ƙarfen rumfar horo, ƙafafuna suna lilo, ya bar ni minti biyar. Zobba ukun nan na kafaɗa, waɗanda Bill Booth ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1970 don sakin laima da jan hannu ɗaya, sun ɗan hau sama amma ba su wuce inda ya kamata ba. Maɗaurin ƙirji ya tsaya tafin hannu guda ƙasa da maƙogwarona. Ya ce in rufe ido in kama ja, in kama ƙarfe. Sau goma na yi, sau goma hannuna ya faɗa a kansu. Ya sa na sauka na durƙusa, na zauna a ƙasa kamar a cikin jirgi, na banƙare, ya kuma kama jakar ta baya ya gwada zare ta daga kafaɗuna. Ba ta zaru ba.

Duk da haka dira uku na farko cinyar hagu ta yi mini zafi, har zuciyata ta karye, na fara lissafin kuɗin mayarwa. Ya kalle ni ina shiri a karo na huɗu ya tsayar da ni. Shekara biyu ina kare kaina daga kayan haya, na saba sauke maɗaurin cinya ƙasa-ƙasa in bar shi sako-sako, kuma na dama nake fara ja har ya fi na hagu matsewa. Ya nuna mini in tura su can sama cikin matsematsi, in ja su daidai wa daida har ragowar igiyar ta zo tsawo ɗaya. Bayan laima ta buɗe na tabbatar lafiya take, sai in ɗaga gwiwa in zame maɗauran gaba kaɗan zuwa ƙarƙashin cinya, in zauna kamar a lilo. A dirar nan ta huɗu na fara ganin gonakin zaitun da lemo da ke ƙasa da idon mai kallo. Kafin nan ƙasa kawai nake nema in sauka in huta.

A hanyar dawowa jakar a hannuna take, a cikin wata jakar da ke rufe mariƙan don kada wani ya ja bisa kuskure. Cypres tana zuwa da ɗan kati mai nuna yadda take fitowa a na'urar binciken kaya, kuma a Kasabalanka katin ne ya raba ni da dogon bayani. A Duwala na je wurin jami'an duwan, wato kwastan, da kaina na nuna rasit, aka lissafa kuɗin fito da harajin kashi 19.25, na biya, na karɓi takarda. Tana cikin aljihun jakar har yau, ita nake nunawa duk fita da shiga.

Ga ku biyun da kuka tambaya: ku bari wanda zai yi muku odar ya auna ku da hannunsa, ko da za ku rasa mota. Idan ba hali, a yi ta bidiyo, da takardar wannan kamfanin, a kan jikinku na kullum, ba na azumi ko na bayan jinya ba. Kada ku karɓa sai an rataye ku a ciki. Idan kun sami ta hannu mai araha, ku tura lambar jikinta da awonku ga kamfanin, za su gaya muku ko an yanka ta don mai irin jikinku, kuma ana iya sake girman ɗamara amma aikin ƙwararre ne mai izini. A gida kuma ku kiyaye ta daga rana da but ɗin mota, don zafi da hasken rana suna cin nailan, robobin naɗin igiya kuma suna narkewa. Tawa tana cikin kabad a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da batir da man inji, kuma a lokacin hunturu nakan zare wayoyin sakin laima in goge ƙura kafin tafiya. Akwai kati a jikin jakar da ke nuna ranar da aka naɗe laimar ko-ta-kwana. A Amurka kwana 180 ne wa'adinsa, kowace ƙasa da nata, ku tambayi na filin da za ku je tun kafin ku sayi tikiti.

Bayan na dawo na kai wa Baba jakar ya gani. Ya sa tabarau, ya juya maɗaurin ƙugu, ya bi ɗinkin da farcensa, zare mai kauri da aka kai aka kawo a kan igiya ninki biyu. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ɗana, ko zare ɗaya ya tsinke a nan kada ka kawo mini, kada ka kai wa baduku. Kekena ba na wannan ba ne." Na ce masa haka malamin ma ya ce. Ya auna tsawonta da faɗinta, ya yanka yadin auduga mai kauri, ya ce in dawo jibi in karɓi rigar da za ta kare ta daga ƙura.